Idan Bayan Ƙaramin Yaro Ya Karkace: Abin Dubawa a Gida da Hanyar Zuwa Wurin Likitan da Ya Dace

Galibi wajen wanka ko sauya kaya ake fara lura. Yaro ya fara tatata, ya juya baya, sai uwa ta ga kamar kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, ko haƙarƙarin gefe guda ya ɗan taso, ko kuma riga kullum tana zamewa ɓangare ɗaya. Amsar da aka fi ba ta ita ce a bar shi, zai miƙe in ya girma. Sau da yawa hakan ke faruwa, domin yawancin karkacewar da ke bayyana kafin shekara 3, wadda babu nakasu a ƙashi ko jijiya a bayanta, tana warwarewa da kanta. Matsalar ita ce ido ba ya iya bambance wadda za ta warware da wadda za ta ci gaba. Awo ne kaɗai ke bambance su, kuma a wannan ƙuruciyar jinkirin wata shida ko shekara yana iya sauya irin maganin da zai yiwu.

Dalilin gaggawar yana cikin saurin girma. Daga haihuwa zuwa shekara 5, ƙashin baya yana ƙaruwa da kusan santimita 2 kowace shekara, kafin ya sauka zuwa kusan 1. Kogon ƙirji a shekara 5 bai wuce kashi 30 cikin 100 na girman da zai kai ba, huhu kuma yana ta ƙara ƙananan jakunkunan iska har wajen shekara 8. Ƙashin bayan da ya karkace yana murɗewa ne tare da haƙarƙari, sai ya matse wurin da huhu zai faɗaɗa. Shi ya sa likitoci ba sa kallon wannan matsala a ƙaramin yaro a matsayin maganar kyan tsayuwa. Numfashin da zai yi rayuwa da shi ake karewa. Girman nan kuma shi ne babban makamin likita, domin in an riƙe bayan daidai tun da wuri, girma da kansa yana miƙar da shi.

Lanƙwasar da ba cuta ba ce

Ba kowace lanƙwasa ce abin damuwa ba. Jaririn da ya fara koyon zama bayansa yakan lanƙwashe waje kamar baka, saboda naman baya bai yi ƙarfi ba, kuma da an kwantar da shi rub da ciki sai ta ɓace. Yaro mai tatata kuma yakan turo ciki gaba, kwankwasonsa ya lotsa ciki. Wannan tsayuwar shekarunsa ce. In an dube shi ta gefe, ƙashin baya dama yana da lanƙwasarsa ta halitta. Ta baya ne ya kamata a gan shi a miƙe daga wuya zuwa tsagin ɗuwawu.

Abin da likitoci ke kira sikoliyosis shi ne karkacewa zuwa gefe da ta kai digiri 10 ko fiye a hoton ƙashi, tare da murɗewa. Doro ko ƙusumbi, wato tasowar baya waje, matsala ce ta daban, kuma za mu taɓo ta a ƙasa.

Yadda za ku duba shi a gida

Ku cire masa riga a wuri mai haske, ku sassauta kunzugu ko famfas yadda za ku ga ƙugu. Ku tsaya a bayansa, idonku daidai da tsayinsa. Yaro ɗan shekara biyu ba ya tsayuwa don an ce ya tsaya, saboda haka wani ya riƙe abin wasa a gabansa, daidai tsakiya, kada ya waiga. Ku dubi tsayin kafaɗu biyu, ku dubi allon kafaɗa ko ɗaya ya fi fitowa, sannan lotsawar da ke tsakanin haƙarƙari da ƙugu ko ta fi zurfi a gefe guda, sannan ko kansa yana daidai da tsagin ɗuwawu.

Gwajin da ya fi nuna gaskiya shi ne sunkuyawa. Ku ajiye wani abu a ƙasa tsakanin ƙafafunsa ya sunkuya ya ɗauka, ku kuma ku kalli gadon bayan daga baya. In bai iya ba, ku kifa shi a kan cinyarku. Idan gefe ɗaya na haƙarƙari ko na kwankwaso ya fi ɗayan tudu, alamar murɗewa ce, kuma murɗewa ba ta zuwa daga lalacin tsayuwa.

Sai ku zaunar da shi a kan abu mai tauri ku sake dubawa. Karkacewar da ke nan a tsaye amma ta ɓace a zaune, sau da yawa daga ƙasa take: ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko gaɓar ƙugu ba ta zauna daidai ba. Wannan ma na likita ne, sai dai hanyarsa daban.

Kada ku tsallake fata. Ku bi layin tsakiyar baya da ido da yatsa, kuna neman curin gashi, kumburi mai laushi, jan tabo, ko rami. Ɗan ƙaramin rami da ke cikin tsagin ɗuwawu kusa da dubura, wanda ake ganin ƙarshensa, yawanci ba komai ba ne. Wanda ke sama da tsagin, ko mai zurfi, ko mai fitar da ruwa, yana iya nuna matsala a laka. Ku ƙirga kuma lafaffun tabo masu launin ƙasa da suka fi sauran fata duhu. Idan sun kai 6 kuma kowanne ya wuce milimita 5, ku gaya wa likita, domin alama ce ta nurofaburomatosis, wata cutar jijiyoyi da ake iya gada, wadda karkacewarta kan yi saurin ƙaruwa.

Daga nan ku ɗauki hoto da waya: ta baya, ta gefe, da a sunkuye, ku rubuta kwanan wata. Ku maimaita kowane wata a wuri ɗaya da nisa ɗaya. Hoton nan ba ya maye gurbin awo, amma yana taimaka wa likita ya ga saurin canji.

Alamomin da ba a kwana da su

Karkacewar baya ita kaɗai ba ta cika yi wa ƙaramin yaro ciwo ba. Saboda haka ciwo kansa alama ce cewa akwai wani abu. Ku je asibiti a ranar idan yaron da ke tafiya ya daina, ko ya fara ɗingishi ko yawan faɗuwa, idan ya ƙi zama ko sunkuyawa yana riƙe bayansa a sandare, idan ciwon baya yana tashinsa cikin dare, idan akwai zazzaɓi tare da ciwon, idan ƙafa ɗaya ta yi rauni, ko idan wanda ya riga ya iya riƙe fitsari da kashi ya koma sakinsu. Haka nan idan numfashinsa ya yi sauri ko yana haki daga ɗan wasa kaɗan.

Doro mai kaifi, wanda ƙashi ɗaya ko biyu suka turo waje kamar gwiwa, yana buƙatar kulawa ta musamman. In ya zo da rama, zazzaɓin dare, ko akwai mai tarin fuka a kusa da yaron, dole a binciki tarin fuka na ƙashin baya. Yana cin ƙashin har ya rushe, yana iya danne laka ya shanye ƙafafu, alhali yana jin magani in an kama shi da wuri. Doron da aka haifi yaro da shi ma yana cikin nau'o'in da suka fi haɗari ga laka, ko da bai yi girma ba.

Wane likita

Ku fara da likitan yara, ya duba lafiyar yaron gaba ɗaya ya ba ku takardar turawa. Amma inda kuke son kaiwa shi ne likitan ƙashi na yara, kuma wanda ya saba da ƙashin bayan yara ƙanana. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Likitan da ya ƙware a bayan manya ko na matasa yana aiki da ƙa'idojin da ba su dace da ɗan shekara biyu ba. Tambayar da za ta nuna muku ko kun zo wurin da ya dace mai sauƙi ce: shin a nan ana sa wa ƙananan yara rigar siminti ta gyaran baya, kuma sau nawa ake yi? In ba a yi, ku nemi a tura ku inda ake yi. Irin wannan aiki galibi a manyan asibitocin koyarwa da asibitocin ƙashi ko na yara ake samunsa.

Ku tafi da katin awon yaron, duk wani hoto da aka taɓa yi masa (hoton kansa, ba takardar sakamako kawai ba, domin likita zai so ya auna da hannunsa), da bayanin watan da ya zauna, ya yi rarrafe, ya fara tafiya. Ku tuna ko akwai mai irin wannan a dangi, da yadda ciki da haihuwa suka kasance. In an ba ku rana mai nisa, wata huɗu ko biyar, ku koma wurin wanda ya tura ku ya rubuta shekarun yaron da abin da aka gani ƙarara. Yaron da bai kai shekara 3 ba bai kamata ya bi layi ɗaya da matashi ba.

Hoton ƙashi da lambobin da za ku ji

Hoton da ake buƙata shi ne na ƙashin baya gaba ɗaya, daga wuya zuwa ƙugu, ta gaba ko baya da kuma ta gefe. Yaron da ya iya tsayuwa a tsaye ake yi masa. Hoton kwance yana rage girman karkacewa saboda babu nauyin jiki a kai, don haka in na farko a kwance aka yi, na biyu a tsaye, ƙarin da aka gani ba lallai ne ya zama na gaske ba. Kullum ku tambayi yadda aka ɗauka ku rubuta.

Lamba ta farko ita ce kusurwar Cobb, daga sunan likitan Amurka John Cobb da ya bayyana ta a 1948. Ita ce ke faɗin girman karkacewar da digiri. Awon yana da kuskuren kusan digiri 5 tsakanin mai awo da mai awo, ballantana ga yaron da ke motsi. Saboda haka 22 da ta koma 25 ba ta nufin an samu ƙari. Sai bambanci ya wuce 5 ake ɗaukarsa da gaske.

Lamba ta biyu ta fi muhimmanci a wannan shekarun, kuma sau da yawa ba a yi wa iyaye bayaninta. Likitar ƙashi Min Mehta, a Ingila, ta nuna a 1972 cewa in aka auna kusurwar da haƙarƙarin dama da na hagu ke yi da ƙashin da ke ƙololuwar karkacewar, bambancinsu yana hasashen abin da zai faru. Ƙasa da digiri 20, galibi za ta warware. Daga 20 zuwa sama, galibi za ta ƙaru. In kuma kan haƙarƙarin ya riga ya hau kan ƙashin bayan a hoto, ana ɗaukarta mai ƙaruwa ce ba tare da jiran wani awo ba. Ku tambayi wannan lambar da bakinku.

Neman dalili

Magani yana bin dalili ne, kuma dalilan sun kasu. Akwai na haihuwa, inda ɗaya daga ƙasusuwan baya ya fito rabi kamar weji, ko wasu suka manne a gefe guda. Wannan yana faruwa ne a makonni shida na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba, kuma a daidai lokacin ne ƙoda da zuciya ke haɗuwa. Shi ya sa duk yaron da aka samu da wannan nau'in ake yi masa sikanin ƙoda da na zuciya, ko da lafiyarsa ƙalau. Akwai na raunin jijiya ko nama, kamar a yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni wajen haihuwa ko waɗanda aka haifa da buɗaɗɗen baya. Akwai wanda ke tafe da wata cuta ta gado. Sai wanda aka bincika ba a ga dalili ba, wanda a ƙasa da shekara 3 ya fi kama maza, ya fi karkata hagu a daidai ƙirji, kuma yakan zo da lafewar ƙeya a gefe ɗaya.

Ba a cewa babu dalili sai an dubi laka. Idan karkacewa ta kai digiri 20, ana yin hoton MRI, wato hoton na'urar maganaɗisu mai nuna laka, na ƙashin baya duka, domin kusan ɗaya cikin biyar na irin waɗannan yara ana samun wani abu a ciki, kamar ruwa a tsakiyar laka ko laka da ta ɗaure a ƙasa, ko da yaron yana gudu yana tsalle. In an samu, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ne zai fara dubawa kafin a soma gyaran bayan. Hoton yana ɗaukar lokaci kuma ba a motsi, don haka sai an sa yaron barci. Za a ce ku hana shi abinci, yawanci awa 6 ga abinci da madara, 4 ga nonon uwa, 2 ga ruwa, amma ku bi lokacin da asibitin ya ba ku. In yana mura ko tari ku faɗa kafin ranar.

Yadda kuke ɗaukarsa ko irin zaman da yake yi ba su ne suka murɗe ƙashin ba, kada uwa ta ɗora wa kanta laifi. Haka nan tausa, murɗa baya da hannu, ko ƙarin sinadarin ƙashi ba sa miƙar da shi. Murɗar ma tana da haɗari in akwai matsala a laka da ba a gano ba. Gashin ƙashi yana taimakon ƙarfin jiki da numfashi, amma ba ya tsayar da karkacewar da ke ƙaruwa.

Sa ido

In kusurwar Cobb ba ta kai 25 ba kuma awon Mehta bai kai 20 ba, yawanci sa ido ake yi: dubawa da sabon hoto kowane wata 4 zuwa 6. A nan ne yara da yawa ke ɓacewa daga idon likita. Iyaye sun ji an ce babu abin yi yanzu, sai su ɗauka an sallame su, su dawo bayan shekara biyu da digiri 60. Kada ku bar ɗakin likita ba tare da ranar dawowa ba. Ko ta warware, ana ci gaba da leƙawa jefi-jefi har ya gama girma, musamman lokacin balaga da tsawo ke zuwa da sauri.

Rigar siminti

Ga karkacewar da ke ƙaruwa wadda ba ta haihuwa ba, wannan ita ce hanyar da ke iya warkarwa ba tare da wuƙa ba. Ana sa yaron barci, a ɗora shi a kan gado na musamman da ke jan kai da ƙugu a hankali, likita ya warware murɗewar da tafin hannunsa a kan haƙarƙari, sannan a naɗa simintin a haka daga ƙirji zuwa ƙugu. Ana yanke babbar taga a gaba don ciki da numfashi, da ƙarama a baya ta gefen da ya lotsa don haƙarƙarin wurin ya samu inda zai faɗaɗa. Ana sauya rigar kowane wata 2 zuwa 3, saboda yaron yana cika ta, kuma kowane sauyi sabon gyara ne. Aikin yakan ɗauki shekara ɗaya ko fiye, sannan a koma rigar roba don riƙe abin da aka samu.

Sakamako ya fi kyau in an fara kafin shekara 2, karkacewar kuma ba ta yi nisa ba. Wanda aka fara wa a makare ba ya cika miƙewa sarai, amma ko a nan rigar tana da amfani, domin tana jinkirta tiyata da shekaru, kowace shekara kuma ƙirji yana ƙara girma. Maganar yawan sa barci damuwa ce ta gaskiya, ku tattauna ta da likitan barci, a auna ta da haɗarin barin karkacewar.

Yara suna sabawa da ita cikin kwanaki kaɗan, su koma tafiya da wasa, ko da yake za su ɗan yi tangaɗi da farko saboda nauyi. Wahalar tana kan masu kula. Ba a jiƙa ta, don haka wanka ya koma shafa da tsumma. Ana cusa bakin famfas ƙarƙashin gefen simintin, ba a kansa ba, a kuma riƙa sauyawa da wuri, domin fitsarin da ya shiga ciki yana cin fata. Ana liƙa filasta mai laushi a gefuna don kada su goge jiki. Kada a zuba hoda ko mai a ciki, kada a sosa da tsinke. In yana ƙaiƙayi a hura iska mai sanyi. A sa masa riga a sama kullum don kada ɓurɓushin abinci, yashi ko ƙananan kayan wasa su faɗa, domin ɗan abu kaɗan da ya maƙale yana zama gyambo cikin kwana biyu ko uku. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a kuma kiyaye shi daga zafi.

Ku koma asibiti nan take in yana amai ba ƙaƙƙautawa, musamman kore, in numfashi ya yi masa wuya, in wari ko ruwa na fitowa daga ciki, in hannu ko ƙafa ya kumbura ko ya yi sanyi, ko yana kukan da ba ku san dalilinsa ba. Tun ranar farko ku tambayi wanda za ku kira da dare, da inda za a iya yanke rigar in ta kama.

Rigar roba da tiyata

Rigar roba mai tauri ana cire ta a yi wanka, wannan ne daɗinta kuma shi ne rauninta. Riƙewa take yi fiye da gyarawa, kuma sai an sa ta awannin da aka ce, yawanci 16 zuwa 23 a rana. Jan tabon da bai ɓace ba bayan rabin awa da cirewa yana nufin tana buƙatar gyara. Ba ta miƙar da ƙashin da aka haifa da nakasu.

Ana zuwa tiyata idan karkacewa ta wuce wajen digiri 50 zuwa 60 tana ci gaba duk da riga, ko nau'in haihuwa ne da aka san ba ya tsayawa. A irin wannan na biyun, wani lokaci cire rabin ƙashin nan tun yaron yana ƙarami, a haɗe ɗan gajeren wuri, shi ne aiki mafi sauƙi. Abin da ake gudu shi ne haɗe dogon sashe na baya da wuri, domin yana tsayar da girman ƙirji, yaron ya tashi da gajeren jiki da ƙaramin huhu. Maimakon haka ana sa sandunan ƙarfe da ake ƙara wa tsawo: na gargajiya da ƙaramar tiyata kusan kowane wata 6, masu maganaɗisu kuma daga waje ba tare da yanka ba. Sandar tana iya karyewa, maƙalinta ya kwance, ko wurin ya kamu da ƙwayar cuta, kuma yawan waɗannan yana ƙaruwa da yawan shekarun da aka yi da ita. Wannan ne ya sa likitoci ke ƙoƙarin jan lokaci da riga kafin su fara.

Kafin ku amince da kowace tiyata da ba ta gaggawa ba, ku nemi ra'ayin likita na biyu mai irin wannan ƙwarewar, ku kai masa hotunan duka bisa jerin kwanan watansu. Ku tambayi ko za a riƙa auna aikin laka da na'ura yayin aikin, ko akwai ɗakin kulawa ta musamman na yara a asibitin, tiyata nawa ake sa ran yi kafin ya gama girma, da kuma wanda zai ci gaba da ƙara wa sandar tsawo idan kun yi nisa da wurin.